Daga Shida Zuwa Takwas

Asabar, 6 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Wata mata aka turo mana yau, wai mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ce. Ta tara mu a rumfar ajiye motoci, kowa nesa da kowa, ta raba mana littattafai irin na 'yan makaranta. Ta ce mu riƙa rubuta duk abin da ke damunmu. Rediyo ta ɗaga hannu ta ce, "Hajiya, in nawa ya cika yau, gobe ana ba da wani?" Kowa ya yi dariya, har da Babbar Sista, ko da yake a bayan takunkumi ba ka sanin mai dariya sai ka ga kafaɗa na rawa.

Rediyo abokiyar aikina ce, shekara tara muna tare. Sunan ya bi ta ne don ba ta da wurin kashewa. Ita kuma Agogo take ce mini, wai ban taɓa makara ba, ban taɓa mantuwa ba.

Tun da aka mai da ɓangarenmu ɗakin keɓe masu cutar nan, biyu-biyu muke aiki. Ɗaya ta shiga awa huɗu cikin kayan kariya, ɗaya ta jira a waje. In ta ciki ta fito, sai ta tsaya a ɗakin cire kaya, ta wajen kuma ta tsaya bayan jan layin da aka ja a ƙasa tana karanta mata kati. Mataki goma sha ɗaya ne. Ba ka cire komai sai an faɗa maka, don mai fitowa a gajiye take, hankalinta ba nata ba ne. Ni nake karanta wa Rediyo, ita take karanta mini.

Ni dai ba abin da ke damuna. Fatar hannuna ce kawai ke tsagewa.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe 6 na safe

Sati na biyar ina kwana a ɗakin ajiyar kaya na gidanmu. Baban yara ya matsar da buhuna ya shimfiɗa mini katifa, yana ajiye mini abinci a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa ya ja baya. Auta kullum sai ta turo yatsunta ta ƙarƙashin ƙofar wai in taɓa. Da bakin biro nake taɓa su. Ta ce, "Mama, hannunki ya yi sanyi."

Ba zan rubuta maganar Alhamis ba. An ce mu rubuta abin da ke damunmu, ita kuwa ba ta dame ni ba.

Litinin, ƙarfe 5 na yamma

Mai shagon bakin layinmu ya ce in daina taɓa kaya, in nuna kawai ya miƙo. Mutumin da na taɓa ɗinke wa ɗansa goshi a tsakar gidana. Na nuna sabulu. Ya ce, "Sista, ba jiya kika ɗauki uku ba?" Na ce masa ya miƙo abin da aka ce ya miƙo.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Rediyo ba ta zo ba. Babbar Sista ta ce zazzaɓi ne.

Talata, ƙarfe 6 na yamma

Zazzaɓi iri-iri ne. Akwai na sauro, akwai na gajiya, akwai na rana. Mutum yana iya yin zazzaɓi don kawai ya sha ruwan sanyi a kan gumi, ita kuwa Rediyo ba ta jin magana a kan ruwan sanyi.

Daga Alhamis zuwa yau kwana biyar ne. Na ƙirga ne kawai.

Laraba, 10 ga wata, ƙarfe 3 na yamma

Sakamakon ya fito. Cutar ce.

Da ƙafarta ta shigo, da jakarta da matashin kanta, tana cewa a ba ta gado na huɗu tunda ita 'yar gida ce. Gado na huɗu shi ne na jikin gilashin da ke kallon ɗakin cire kaya. Duk wanda aka kwantar a nan ba shi da aiki sai kallonmu muna tuɓewa kamar masu ɓare albasa. Ta ce daga nan za ta riƙa sa mana ido.

Da na shiga ɗaura mata ruwa ta gane ni tun daga tafiya. Ta ce, "Agogo, ki nemi jijiyar a hankali, na san mugun hannunki." Na samu a karo ɗaya. Ta ce, "Kin yi shiru. Wa ya mutu?" Na ce takunkumi ne ya matse ni.

An haɗa ni da wata sabuwar nas da aka kawo daga ɓangaren yara. Yarinya ce mai tsoro, da hannu biyu take riƙe katin tana bin layi da yatsa. Da a ce watan jiya ne da na yi mata dariya.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Ɗaya, tsoma hannu a ruwan magani. Biyu, cire rigar roba ta sama. Uku, cire safar hannu ta waje. Huɗu, duba ta ciki ko ta yage. Biyar, zuge babbar riga. Shida, naɗe ta ta baya a jefa a kwando.

Na iya shi kamar sunana. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗa.

Asabar, 13 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Mijin Rediyo yana zama a bakin ƙofar asibiti, kan dakalin da ke ƙarƙashin bishiya. Baban 'Yan Biyu muke ce masa, direban motar kaya ne. Ba a barin dangi su shiga, don haka Babbar Sista ta ce ni zan riƙa fita ina ba shi labari, tunda ya san ni. Na so in ce a tura wata. Ban sami dalilin da zan bayar ba.

Na tsaya taku huɗu daga gare shi na ce tana ci, tana sha, tana damun kowa da surutu. Ya yi murmushi, murmushin bai daɗe ba. Ya waiwaya ya ga ba kowa kusa, sannan ya ce, "Sista, akwai maganar da zan faɗa miki, don Allah ta tsaya a nan."

Wai sati uku da suka wuce ya dawo daga tafiya da tari da ciwon jiki. Ya ɓoye. Tsoro yake ji kar mota ta zo ta ɗauke shi a gaban maƙwabta, kamar yadda aka yi wa wani a layinsu, wanda har yau ba mai amsa sallamar iyalinsa. Ya ce mata ƙurar hanya ce. Ɗaki ɗaya suka ci gaba da kwana. An gwada shi shekaranjiya ba a ga komai ba, amma likita ya ce mai yiwuwa ta zo ta wuce.

Ya ce, "Ita da take cikin masu cutar kullum ba ta ɗauka ba, saboda kuna kula da juna. Ta sha gaya mini, in dai ke ce a bayan layin nan, ko ido rufe za ta tuɓe. Sai ni na kawo mata har gado."

Na ce Allah ya ba ta lafiya. Abin da na ce ke nan. Na dawo ciki na wanke hannu.

Lahadi, 14 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Baban yara ya tsaya a bayan ƙofa ya ce ruwan tanki ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Bai ce ni ce ba. Ya ce, "Maman yara, kwana biyu ina jin famfo ba ya hutawa. Lafiya dai ko?" Na ce in ruwa ne damuwarsa in koma asibiti da kwana. Can ya ce, "Ba ruwan nake tambaya ba."

Na yi masa tsawa a gaban yara. Ban taɓa ba.

Talata, 16 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Iskar jinin Rediyo tana sauka. Jiya casa'in, yau tamanin da huɗu, kuma da oksijin a hancinta. Maganarta ta koma guntu-guntu. Takan fara labari ta tsaya a tsakiya ta nemi numfashi, sai ta yi mini alama da hannu wai in ƙarasa, tunda duk na san su.

Mutum uku muka rasa daga safe zuwa yanzu. Tsohon da ke gado na tara ya riƙe mini hannu yana kiran sunan wata, na amsa. Ban ji komai ba. Na naɗe shi, na goge gadon, aka kawo wani. Sabuwar nas ta fita ta yi kuka a bayan tankin ruwa, ni kuwa ina tsaye ina jin haushinta don ta ɓata mana minti goma. Wannan abin ya ba ni tsoro, ba halina ba ne.

Laraba, 17 ga wata, ƙarfe 11 na safe

An ɗauke ta daga gado na huɗu, an sa mata bututu. Na'ura ce ke yi mata numfashi.

Laraba, ƙarfe 5 na yamma

Ɗakin ya yi shiru. Injina na ƙara, mutane na tari, amma ɗakin ya yi shiru.

Kafin a sa mata maganin barci ta jawo rigata ta ce, "Ki kula mini da wancan sakaran na bakin ƙofa. Ba ya cin abinci in ba a tsaya a kansa ba."

Juma'a, 19 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Baban 'Yan Biyu ya rame, idanunsa sun faɗa. Riga ɗaya ce a jikinsa tun Litinin. Maigadi ya ce mini tun kafin a buɗe ƙofa yake zuwa, kuma bai taɓa ganin ya sa wani abu a baki ba. Yaran suna wurin ƙanwarsa, ya ƙi zuwa ganinsu. Ya ce da wane ido zai kalle su.

Na kai masa shayi da burodi na ajiye a tsakaninmu. Da na fito tashi daga aiki suna nan, tururuwa ta rufe burodin.

Asabar, 20 ga wata, ƙarfe 6 na safe

Hannuna na jini. Safar hannu na mannewa a wurin tsagar, in zan cire sai na cije leɓe. Sabuwar nas ta gani ta ce, "Anti, ki nuna wa likita mana." Na ce ta kula da katinta.

Jiya na ƙirga wankin hannun, sau sittin da ɗaya. Na san ba hannuna ne ke da datti ba. Na sani sarai, ni ma'aikaciyar jinya ce. Amma in na rufe famfo sai in ji kamar akwai wurin da ruwan bai taɓa ba.

Lahadi, 21 ga wata, ƙarfe 3 na yamma

Auta ta turo yatsunta. Na yi kamar ina barci.

Litinin, 22 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Yau Baban 'Yan Biyu ya ba ni makullin motarsa. Ajiye shi ya yi a kan dakali ya matsa, ya ce in ba ƙanwarsa in ta zo nema. Na ce me zai hana ya ba ta da kansa. Ya ce, "Sista, na gaji. In matar nan ta tafi, ban ga me zan zauna yi ba. In ma ta tashi, me zan ce mata?"

Muryarsa lafiya lau, ba kuka ba rawar baki. Na san irin muryar nan. An koya mana ita a makaranta, an ce in ka ji ta kar ka bar mutum shi kaɗai. Na kira ƙanwarsa a waya, na tsaya har ta zo da mijinta suka tafi da shi. Na sa maigadi ya kira ni in ya gan shi gobe.

Na yi duk abin da littafi ya ce. Saura abu ɗaya da ba ya cikin littafi, kuma shi ne kaɗai zai yi masa amfani.

Talata, 23 ga wata, ƙarfe 5 da rabi na safe

To, bari in rubuta.

Alhamis, huɗu ga wata. Rediyo ta fito daga aikin safe, gumi har cikin takalminta. Katin yana aljihuna. Na daɗe da daina ciro shi, mu tsofaffin hannu da ka muke yi, har muna yi wa sababbi tsiya in mun ga suna bin layi da yatsa. Tana tuɓewa tana ba ni labarin yadda Baban 'Yan Biyu ya ce zai taya ta girki, ya ɗora tukunya ba ruwa ya tafi kallon ƙwallo, har gindin tukunyar ya ɓule. Tana kwaikwayon muryarsa yana cewa tukunyar ce ba ta da inganci. Na yi dariya har na dafa bango.

Na ce shida. Ta naɗe rigar ta jefa. Na ce takwas.

Bakwai shi ne a sake tsoma hannu a ruwan magani kafin hannun ya tashi zuwa fuska. Takwas shi ne cire gilashin ido. Ta cire gilashin da safar da ta gama naɗe ƙazamar riga da ita. Gumi ya gangaro mata cikin ido, ta sa bayan hannun ta murza.

Na gani. A daidai lokacin na gane abin da na yi. Ƙa'ida ta ce in tsayar da ita, a wanke idon, a rubuta, a sa mata ido. Ban yi ba. Na ce tara. Kunya ce ta kama ni, ba wani abu ba. Ni ce Agogo, shekara tara ba a taɓa kama ni da kuskure ba, sai na ce wa kaina sau ɗaya ba zai yi komai ba.

Ga shi a rubuce. Takardar kuma ba ta kama da wuta ba.

Talata, ƙarfe 6 na yamma

Ya zo, mijin ƙanwarsa na biye da shi. Na roƙi mutumin ya ɗan ba mu wuri. Na ajiye makullin a kan dakali na ce, "Baban 'Yan Biyu, ni ma ina da maganar da zan faɗa maka, amma tawa ba sai ta tsaya a nan ba."

Na faɗa masa duka, har da tukunyar. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Bakwai ɗin mene ne?" Na sake faɗa. Ya kalli tafin hannunsa.

Ya ce, "Kin tabbata daga nan ne?"

Na ce, "Na tabbata na tsallake. Ban tabbata daga nan ta ɗauka ba, kamar yadda kai ma ba ka tabbata ba. Ba wanda zai taɓa sani. Amma kwanakin sun fi dacewa da nawa."

Ya ce, "Ranar da na gaya miki maganar tarina, kin san wannan?"

Na ce na sani.

"Kwana goma kina kallona a nan."

Na ce haka ne.

Na ɗauka zai zage ni, har na so ya yi. Ya ɗauki makullinsa ya sa a aljihu, ya tashi ya tafi. Ko waiwaye bai yi ba.

Daga nan ofishin Babbar Sista na wuce, tun ƙafafuna ba su canza shawara ba. Ta saurare ni tana juya biro. Ta ce dole ta rubuta rahoto, kuma za a kira ni gaban kwamiti. Ta ce daga yau na daina karanta wa kowa kati har sai an zauna, amma shiga ciki zan ci gaba, don ba ta da wadda za ta maye gurbina. Sannan ta ce in ɗora hannuwana a kan tebur. Ta daɗe tana kallonsu.

Ta ce, "Sati uku kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Ke kam akwai taurin kai." Ta rubuta mini man shafawa da lambar matar nan mai littattafai, ta ce in ban kira ba ita za ta kira mini.

Laraba, 24 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Bai zo ba. Wayarsa a kashe.

Laraba, ƙarfe 6 na yamma

Ƙanwarsa ta ɗauka a kira na shida. Ta ce yana ɗaki, ya rufe ƙofa, amma suna jin motsinsa. Ta ce, "Sista, me kika faɗa masa?" Na ce shi zai gaya mata.

An liƙa sabuwar sanarwa a ɗakin cire kaya: kowa ya karanta daga kati, ko shekararsa nawa a aiki. Ba a sa sunana ba, ba a kuma buƙata. Wasu sun daina gaishe ni. Wata tsohuwar nas da ba ma shiri da ita ta tsaya kusa da ni wurin wanke hannu, ba ta kalle ni ba ta ce, "Ni ma da ka nake yi."

Alhamis, 25 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Na gaya wa Baban yara ta bayan ƙofa. Na ji ya zauna a ƙasa ya jingina da ita. Ya ce, "Da na ɗauka ko cutar ce ta kama ki kike ɓoye mini." Mun daɗe a haka, bayansa a ƙofa, bayana a ƙofa.

Juma'a, 26 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Ya dawo. Ya yi wanka, ya sauya riga. Ya kawo takarda da 'yan biyu suka yi wa zane, wai uwarsu ce da ƙaton baki, ya ce a manna inda za ta gani in ta farka. Ba ni ya ba, maigadi ya ba.

Na tsaya inda na saba tsayawa na ba shi labarin yau: zafin jikin ya sauka, likita ya fara rage wa na'urar aiki. Ya saurara yana kallon bishiya. Har na juya sai ya ce, "Sista."

Na tsaya.

Ya ce, "Ban yafe ba tukuna. Amma na ci abinci."

Na ce na gode. Ban san me ya sa godiya ce ta fito ba.

Asabar, 27 ga wata, ƙarfe 12 na rana

An cire bututun. Da kanta take numfashi.

Ba murya. Likita ya ce maƙogwaron ya kumbura, sai a hankali. Rediyo ba murya, ko a mafarki ban taɓa zato ba.

Lahadi, 28 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na kira matar mai littattafai. Na yi niyyar minti biyar, muka yi awa guda. Ta ce kar in yi ƙoƙarin daina wankin gaba ɗaya, in riƙa ragewa. Yau talatin da takwas.

Kwamiti ranar Laraba. Tsoron da nake ji ba na kwamiti ba ne.

Litinin, 29 ga wata, ƙarfe 3 na yamma

An mai da ita gado na huɗu. Na manna mata zanen a jikin ƙarfen gadon. Ta rame ƙwarai, wuyanta kamar na yarinya. Na goge mata jiki, na gyara matashin, na duba ruwa, na sake duba ruwan. Da aikin ƙarya ya ƙare mini sai na durƙusa daidai kunnenta na faɗa mata. Ta cikin takunkumi biyu, ga injin oksijin na huci a kanmu. Na ce na tsallake bakwai, na ga ta murza ido, na yi shiru. Na ce ba na neman ta ce komai.

Idonta a rufe yake. Bai buɗe ba. Na jira har sabuwar nas ta buga mini gilashi cewa lokacina ya cika. Ban sani ba ko barci take, ko ba ta son ganina.

Na fito ɗakin cire kaya. Yarinyar ta riƙe katinta da hannu biyu. Ɗaya. Biyu. Ina yi ba tare da na san ina yi ba. Ta ce shida, na naɗe rigar na jefa a kwando.

Sai na ji ƙwas ƙwas a bayana.

Na juya. Rediyo ta mirgino gefen gado, da cokali ta buga gilashin. Ta ajiye cokalin, ta ɗaga hannu ɗaya ta ware yatsu biyar. Ɗaya hannun, mai allurar ruwa, da ƙyar ya taso. Yatsu biyu. Ta haɗe gira irin yadda take yi wa 'yan biyu in sun ƙi wanka, ta nuna mini bahon ruwan magani da haɓa.

Ta ji ni ke nan, ko kuwa ta sani tun ranar. In muryarta ta dawo zan tambaye ta, kuma na san sai na gaji da jin amsa.

Kuka ya zo mini, irin wanda rabona da shi tun kafin cutar nan. Hawaye ya taru a cikin gilashin idona har ban ganin komai sosai, kuma ba halin in share, hannu ba ya zuwa fuska. Yarinyar ta rikice ta ce, "Anti, in kira wani?" Na ce, "Karanta katinki."

Ta sa yatsa a layin ta ce, "Bakwai."

Na tsoma hannuwana a cikin ruwan. Yana shiga ta wurin tsagar ko da safar hannu, yana zafi. Na bar su a ciki har sai da Rediyo ta sauke yatsunta.